Kilishin da Ya Ƙi Bushewa a Duwala

Duk wanda ya taɓa sayen kilishi a bakin titin Limawa a Dutse ya san Baba Ɗanmusa. Dogo ne, siriri, ba ya son surutu. In ka yaba masa kilishi ba zai amsa ba, sai dai ya ƙara maka ɗan guntu a takarda. Ni mahauci ne, ni nake fere masa nama tun gemuna yana baƙi, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Aikinsa babu wani sirri a ciki. A fere naman cinya ya yi falan-falan, a shanya a kan gadon kara da hantsi, kafin la'asar ranar Dutse ta mayar da shi ƙarau. A tsoma shi a labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da yaji da kayan ƙanshi, a sake shanyawa, sannan a nuna wa garwashi kaɗan. Haka ya gada, haka yake yi, kuma ba a taɓa dawo masa da kaya an ce ya ɓata wa wani ciki ba.

Alhaji Sharhabilu ne ya zo ya tayar da mu. Mutumin Kiyawa ne, ya daɗe a Kamaru, yana da shago a Duwala. Ya zo ganin gida, ya zauna a bencinmu yana cin kilishi yana zuba.

"Malam Ɗanmusa, kana nan kana ɓata hannunka. Can ido rufe ake neman kilishi. Ka zo ka yi mini shekara biyu, wallahi har jikokinka sai sun ci albarkacin tafiyar."

Baba ya ce, "Akwai rana?"

"Rana? Zafin can sai ka tuɓe riga ka nemi mafici biyu!"

Tambayar da Baba ya yi ke nan, ita kaɗai. Ya ce to a bari sai bazara, lokacin da rana ta fi cin nama. Da lissafin gida muka tsayar da tafiyar, babu wanda ya tambaya ko bazararmu ita ce tasu.

Tun a jirgin ƙasa na fara ganin abin da ban saba ba. Ko'ina kore shar, ayaba har bakin hanya, ba ka hango ƙasa ja sai inda aka sare daji. Da muka sauka daga mota a Duwala, iskar ta rufe mini fuska kamar na leƙa tukunyar dambu. Ban ɗauki komai ba amma rigata ta manne a bayana. Katangun gidaje duk sun yi baƙi-baƙi da gansakuka, kwatoci cike da ruwa, garin yana warin kifi da jiƙaƙƙen katako.

Baba kuwa murna yake. Ya share gumi da hularsa ya ce, "Alhamdulillahi. Abdurrahim, wannan zafi ai kafin azahar an gama."

Alhaji ya riga ya sa an rubuta allo babba an kafa a saman shagon: Kilishin Ɗanmusa na Dutse. Ya kuma bi Hausawan unguwar yana gayyata, ran Juma'a bayan masallaci za a buɗe. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, don bai taɓa ganin sunansa da fenti ba.

Muka sayi cinyoyin sa masu kyau, na fere har yatsuna suka ƙage. Babu kara a garin, sai muka ɗaura raga a kan katako a bayan shago, muka shanya. Azahar ta yi, Baba ya taɓa, nama yana nan da laushinsa. La'asar ta yi, ya sake taɓawa, sai ka ce yanzu aka yanka. Ya ɗaga kai ya kalli sama. Rana tana nan fara fat, tana dafa mu, amma ba ta taɓa naman ba.

Sai ruwa ya sauko. A gida hadari yana haɗowa daga gabas, iska ta kaɗa, ka kwashe shanyarka a natse har ka taya maƙwabci. Can babu wannan ladabin. Kawai ji muka yi kamar an kifa mana randa. Muka kwashi abin da muka iya zuwa cikin shago, muka kunna fanka a kai. Da safe rigar da na wanke ba ta bushe ba, gishirinmu ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Naman kuwa ya yi wani farin gashi kamar auduga, ga tsami yana tashi.

Alhaji ya shigo, ya toshe hanci, ya zagaya ragar. Sannan ya rage murya.

"A kankare, a tsoma a labu, a cika yaji. Wuta za ta kashe sauran. Mutanen nan ba su san kilishin gaske ba, wa zai gane?"

"Ni na gane," in ji Baba.

"Haba Malam! Na gayyaci jama'a. So kake a ce Sharhabilu ya ɗauko tsoho daga Jigawa ya kasa shanya nama?"

"Alhaji, sunan wa ke allon can?"

"Allon ai nawa ne, ni na sa aka rubuta."

"Sunan fa?"

Alhaji ya juyo kaina. "Kai Abdurrahim, ba ka da baki ne? Yi masa magana mana!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni wuƙa aka ɗauko ni in riƙe."

Baba ya miƙe. Ya ari shebur, ya haƙa rami a bayan shago, muka binne naman duka. Ya ari tsani, ya hau da kansa ya sauko da allon, ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ran Juma'a mutane suka cika ƙofar shago, Alhaji yana ta ba su labarin wai kayan haɗi ne aka tsare a kan iyaka. Baba ya hura wuta ya yi musu tsire da sabon nama.

Daga baya wata mai bandar kifi da ke maƙwabtaka da mu ta nuna mana yadda take busar da nata da hayaƙi a cikin durom. Muka gwada da nama, ya yi kyau, aka yi ta saye. Alhaji ya zo da fara'a ya ce to a mayar da allo.

Baba ya ce, "Wannan banda ce. In kana so a rubuta banda."

"Kilishi ya fi shiga kunne, Malam!"

"Banda ce."

Haka muka cika shekara biyun, don Baba ya yi alkawari. Muna sayar da tsire da banda, muna fama da ƙurajen zafi da sauro, takalmanmu suna fumfuna a ƙarƙashin gado. Kullum da hantsi Baba zai fere yanka ɗaya ya rataye a waya, da la'asar ya taɓa, ya yi tsaki, ya jefa wa kyanwar shago. Ko a watannin da suke kira rani bai taɓa samun wanda ya yi masa yadda yake so ba. Kyanwar ce kawai ta yi ƙiba.

Yanzu mun dawo Limawa. Allon nan da Baba ya taho da shi a buhu yana rataye a kan rumfarsa, gefensa ɗaya da tabon danshin da ya ƙi fita. Masu saye sukan tambaye shi, Baba yaya ƙasar waje? Sai ya ce, "Zafi ne kawai, babu rana," ya ci gaba da juya namansa. Alhaji har yanzu yana bugo waya, wai ya gano wani injin da ke busar da nama. In Baba ya ga sunan Alhaji ya fito, miƙo mini wayar yake yi.