Tuban Penioni

A ƙauyenmu na tsibirin Kadavu, mutum ɗaya ne bai taɓa kai ƙoƙon yangona bakinsa ba, wato taubashina Penioni, mai wa'azin cocinmu. Yangona wata saiwa ce mai bugarwa; mu muke noma ta, mu daka, mu jiƙa, mu sha. Shi kuwa shekara talatin yana nuna ƙwaurinmu daga mumbari, don duk wanda ya yawaita sha, fatarsa kan bushe ta yi ɓawo kamar ta kifi. Tasa fatar sumul, ita ce hujjarsa, kuma ba shi da wata dukiya sai ita.

Da ya haura hamsin, sai fatar ta fara yin fari tana zuba. Ya riƙa gyangyaɗi ana tsakiyar waƙa, yana sa rigar sanyi da rana tsaka. Wallahi mun ji daɗi. Na tare shi a hanya na ce, "Taubashi, da wa kake sha ne? Ko mu ba mu isa ba?" Matarsa Salanieta ta ƙarar da kwalaben man kwakwa a jikinsa, daga baya ita ma ta koma shinshina kofuna. Dattawan coci suka ce ya ɗan huta da wa'azi.

'Yarsa ce ta ja shi asibiti a birnin Suva. Aka ɗebi jini, likita ta ce 'yar tsokar nan ta maƙogwaro, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, ita ce ta yi sanyi, shi ya sa fatar ta bushe. Ta ba shi ƙwaya, ɗaya kullum da safe. Ya dawo da takarda yana nuna wa kowa, ba wanda ya karanta.

Wata huɗu fatar ta koma sumul. Gari ya ɗauka cewa Penioni ya daina sha. Dattawa suka ce mumbari nasa ne, amma sai ya tsaya gaban jama'a ya faɗi yadda ya tuba.

Ran Lahadi ya miƙe, takardar tana aljihunsa, ya ce, "'Yan'uwa, na sha, na kuma bari." Mata suka yi kuka, aka rungume shi. Ni dai kunya ta kama ni. Tun muna yara ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ran nan, kuma ita ce maganarsa da kowa ya gaskata.