Wa'adin Kwana Uku a Gidan Nata'ala

Wanda ya san Ƙofar Ɗan Agundi a yau kaɗai ba zai yarda ba in an ce masa an taɓa yin noma a cikin ganuwa. Amma an yi. Daga inda gidajen unguwa suka ƙare zuwa gindin badala fili ne na gero da rama da kududdufai, kuma gidan ƙarshe kafin filin shi ne na Nata'ala mai jaki. Zaure ɗaya ne da ɗaki biyu da rumbu da turke, sai katangar baya da ta tsage tun zamanin mahaifinsa.

Sana'arsa ita ce ya cika mangala da taki ya kai gonakin karkara, ya dawo da itace. Mutum ne mai ƙarancin magana, karatunsa bai yi nisa ba, amma abin da ya ji a zauren malamin unguwa yakan riƙe shi gam. Matarsa ta rasu da daɗewa, yayarsa Indo ce ke riƙe da gidan. 'Yarsa ɗaya ce, Turai, kuma da yake 'yar fari ce bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa kallonta ido da ido ba. In zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan".

A bazarar 1954, cikin watan Afrilu, Turai ta dawo gida wankan haihuwar fari da ɗanta Ilu. Zafin shekarar ya wuce misali. Kududdufai sun ƙafe har ƙasansu ya dare, hadari yakan haɗo daga gabas da yamma liƙis ya watse ba ko ɗigo. A cikin wannan zafi ake dafa wa mai jego ƙatuwar tukunyar ruwa safe da la'asar, a fyaɗa mata shi da ganyen tsamiya, har kwana arba'in. Wanka irin wannan itace yake ci, kuma Nata'ala ya sha alwashin ba za a ce itacen wankan jikansa ya yanke ba. Ya tara shi a jikin katangar baya har ya kai kafaɗarsa. Kayan ƙarshe wani tsohon kututturen marke ne mai kogo, wanda ya tsinta a bakin wani busasshen rafi. Ran nan jakin ya ƙi tsayawa a ɗora masa, ya yi ta rawar jiki yana tirjiya tun daga daji har ƙofar gari, Nata'ala kuwa ya yi ta zuba masa sanda.

Ruwan wankan yana bi ta magudana ya kwanta a gindin katanga. Nan ne kaɗai ƙasa mai danshi a duk gefen unguwar, sai kwaɗi suka taru. Ranar Litinin, ana idar da sallar la'asar, Indo ta je ɗibar itace ta ga baƙar wutsiya mai sheƙi tana shigewa ƙarƙashin tarin.

"Nata'ala! Ɗauko sanda. Gamsheƙa ce, na ga jan wuyanta."

Ya zo da sandar, ya tsaya, sannan ya jingine ta. Ya tuna malam ya taɓa cewa macijin da ke zaune a gida ba a kashe shi nan take, sai an yi masa gargaɗi kwana uku, domin wataƙila ba maciji ba ne, mutanen ɓoye ne. Ya kuma tuna mahaifinsa yakan ce tsagar katangar nan tana da mai ita. Sai ya gyara tsayuwa ya fuskanci itacen.

"Na haɗa ki da Allah ki bar gidan nan. Na ba ki kwana uku. In na gan ki bayan la'asar ɗin Alhamis, alhakinki a wuyanki."

Indo ta riƙe haɓa. "Sannu, alƙali. Ka ba ta wa'adi, ita ta ba ka? Ka ji ta ce amin?"

"Yaya, haka aka ce a yi."

"Da jariri ɗan kwana goma sha biyu a gida? Da na san haka za ka girma, da tun ina goyonka na sake zanen."

Mayar da mai jego gidan miji kafin arba'in abin kunya ne da ba a taɓa yi a zuriyarsu ba, dakatar da wanka kuma, a ganin Indo, kisa ne. Saboda haka kowa ya zauna inda yake. Indo ta ƙona ƙahon akuya da tafarnuwa har gidan ya ɗauki wari. Nata'ala ya tankaɗe toka ya barbaɗa ta kewaye da itacen da bakin ƙofar ɗakin Turai, don duk abin da ya ja ciki ya bar shaida.

Da safiyar Talata ya duba. Sawu ɗaya ne, kauri kamar taɓarya ƙarama, ya fito daga itace ya nufi danshin katanga ya koma. Ya share, ya sake barbaɗawa, ya maimaita gargaɗinsa. Bai fita da jaki ba ran nan. Ya zauna a inuwar rumbu da jikan a cinyarsa yana yi masa wasan kaka.

"Kai abokina, ka zo ka cinye mini itace, ka kuma jawo mini baƙi. Me ka taho da shi? Ko goro babu."

Daga cikin ɗaki Turai ta yi 'yar dariya ta katse.

Ranar Laraba kukan kwaɗi ya ragu. Kazar Indo ta tashi daga kan ƙwanta a gindin rumbu ta ƙi komawa, aka duba aka ga biyu babu. Sawun kuwa bai tsaya a katanga ba. Ya ratso tsakar gida, ya zo taku uku daga ƙofar ɗakin mai jego, ya yi lanƙwasa a nan kamar an daɗe a kwance, sannan ya juya.

Indo ta nuna masa sawun da ƙafa.

"Saura kwana ɗaya, Yaya."

"Ita ma ta sani."

Ranar Alhamis iska ta ɗauke ɗif. Rana ta yi fari, ko ungulu babu a sama, jakin ya tsaya a turke kunnuwansa a miƙe yana kallon wuri ɗaya. Jariri ya yi ta kuka saboda ƙurajen zafi, har Turai ta shimfiɗa masa zane a ƙasa kusa da randar da ke cikin ɗaki, inda yashi ke da sanyi, ya samu barci. Kafin la'asar ruwa ya tafasa, Indo ta kira Turai wanka a bayan ɗaki.

Nata'ala yana alwala a bakin zaure, yana lissafin cewa da an kira salla an idar, wa'adi ya cika. Sai jakin ya fizgi igiya ya yi wani irin kuka, jikinsa na rawa. Irin rawar nan ya taɓa ganinta sau ɗaya, ranar da ya ɗora masa kututturen marke. Butar ta kuɓuce daga hannunsa. Ashe ba mai tsagar katanga ba ce. Baƙuwa ce daga daji, shi da kansa ya ɗauko ta ya shigo da ita ta Ƙofar Ɗan Agundi, yana dukan dabbar da ke faɗa masa gaskiya. Kwana uku ya ba abin da ba shi da haƙƙin ko sa'a ɗaya.

Ya wawuri sanda ya isa ƙofar ɗakin. A kan toka sawu ya shiga, bai fito ba.

Daga hasken rana ɗakin duhu ne, sai da ya ɗan tsaya kafin ya gani. Gamsheƙar tana naɗe a gindin randa, kanta a kan gefen zanen, tsakaninta da ƙafar Ilu bai kai kamu ɗaya ba. Sanda tana hannunsa, amma ya san in ya kai duka ya kuskure, ko ya same ta ta yi birgima, a kan yaron za ta faɗa. Ya ajiye sandar a hankali. Ya durƙusa, ya ja gwiwa, ya sa jikinsa tsakaninsu. Ta ɗago ta fasa kai har ta kai tsayin fuskarsa. Kowa a ƙasar nan ya san ba a kallon gamsheƙa a ido, amma sai ya kalle ta, don kada ta kalli wani wuri, hannuwansa na laluben jariri ta ƙasa.

Ta tsarto masa dafi. Ya ji kamar an watsa masa garwashi a idanu. Bai yi ƙara ba. Ya cusa yaron cikin rigarsa, ya ja da baya a kan gwiwa har ya ji zafin rana a bayansa, sannan ya ce, "Yaya, tana ciki."

Indo ta taho da ƙwaryar tafasasshen ruwan wanka ta sheƙa a gindin randar, ta koma ta ƙaro, ta ƙarasa da taɓarya. A lokacin ne ladan ya kira la'asar.

"Ke Turai, tatso nono a ludayi, maza! Ba lokacin kunya ba ne."

Aka kwantar da shi a tsakar gida. Indo ta buɗe masa idanu da yatsu, Turai ta riƙa zubawa. Yana haki ya ce, "Yaron fa?"

"Ga shi nan, Baba. Ko farkawa bai yi ba."

Idon dama ya warke bayan mako biyu, na hagu ya yi fari ya tafi. Aka ƙarasa arba'in da sauran itacen, bayan an fitar da shi fili an buga kowane guda da ƙasa. Nata'ala ya ci gaba da sana'arsa shekara goma sha bakwai. Bai sake ɗaukar itace mai kogo ba, kuma duk ranar da jaki ya tirje, sai ya sauke kayan a bakin hanya ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ko da kasuwa za ta watse.

Sai dai ranar da aka jefar da gawar gamsheƙar a bayan badala Indo ta faɗi wata magana, wai irin wannan ba ta tafiya ita kaɗai. Ko da gaske take ko don ta rama ne, ba ta taɓa faɗa ba. Tun daga nan, duk bazara, da kududdufai sun fara ƙafewa, sai a ga toka a bakin kowace ƙofa a gidan. Da gari ya waye kuma tsohon yakan sunkuya, ya karkata kai wajen idon da ya rage, yana bin tokar a hankali daga wannan gefe zuwa wancan.