Sa Hannun da Na Hana Abdurrazaƙ

Duk lokacin da na ji an ce wani yaronmu yana neman tafiya aikin jinya ƙasar waje, ranar da Abdurrazaƙ ya fara shigowa ofishina ce take faɗo mini, don ban taɓa mantawa da ita ba. Lokacin ni ne shugaban ma'aikatan jinya a wani asibitin gwamnati da ke ƙasar Ƙaura Namoda, ritayata ta kusa. Ga wanda bai san aikin ba, shugaban ma'aikatan jinya shi ke raba aiki, shi ke tsara wanda zai yini da wanda zai kwana, kuma duk abin da ma'aikaci ya yi wa majinyaci, mai kyau ko maras kyau, shi ake fara tambaya.

Farkon damina ne, zazzaɓin yara ya fara cika mana ɗakuna. Sai ga saurayi dogo, mai tsabta, ya yi sallama ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce shi ɗan Shinkafi ne, daga gidan malamai, ya yi karatun jinya a Sudan, yana so ya riƙa taimaka mana kyauta. Wani babba a sakatariyar ƙaramar hukuma ya riga ya bugo mini waya a kansa.

Na ce, "Ina lasisinka?"

Ya ce, "Baba, yana hanya."

Lasisi shi ne izinin da hukumar jinya ta ƙasa take ba mutum kafin ya taɓa majinyaci da sunan ma'aikacin jinya. Takardar gama makaranta daban, lasisi daban. Na daɗe ina aikin nan, ban taɓa ganin lasisin da yake hanya ba tare da mai shi ya san inda ya tsaya ba. Amma muna cikin ƙarancin ma'aikata, ga kuma wanda ya aiko shi. Sai na karɓe shi da sharaɗi: zai yi awon zafin jiki, ya gyara gado, ya riƙe yaro idan za a yi masa allura, amma ba zai ba da magani ba, ba zai yi allura ba.

Gaskiya yaron ya san aiki. Yadda yake juya tsoho a kan gado kawai ya ishe ka ka gane ya zauna a asibiti. Sai dai wasu halayensa sun hana ni sakewa. Kullum yana so a sa sunansa a jadawalin aiki tare da cikakkun ma'aikata. Na taɓa ganinsa ya tsaya gaban allon ɗakin maza da fararen kayansa yana ɗaukar kansa hoto. Wata rana kuma ya tambayi magatakarda ko wa yake ajiye hatimin asibiti. Sannan akwai wayar da ake bugo masa, da zarar ta shigo sai ya zagaya bayan tankin ruwa, ya yi ƙasa da murya, wani lokaci da Hausa wani lokaci da Larabci.

Sista Hauwa, wadda take riƙe da ɗakin yara, ita ta fara furta abin da yake ran kowa. Mutuniyar Zurmi ce, kuma ta ga abin da ta gani a garinsu. Ta same ni ta rufo ƙofa ta ce, "Yallaɓai, yaron nan fa ban yarda da shi ba. Wa yake aiki kyauta a wannan zamanin? Ka san mutanen daji, 'yan bindigar nan, suna neman masu yi musu ɗinkin rauni da ƙarin ruwa. Kada mu wayi gari jami'an tsaro sun zo sun kwashe mu duka."

Ba maganar da za a yi wasa da ita ba ce a yankinmu. Na je da kaina na duba siton magani tare da mai kula da shi, babu abin da ya ɓace. Na sa aka canza kwaɗon ofishina. Na tambayi wani abokina da yake aiki a Shinkafi, ya ce ya san gidansu, mutanen kirki ne, amma yaron tun da ya dawo ba ya cika shiga mutane. Wannan bai wanke shi ba, bai kuma kama shi ba. Na ci gaba da sa ido.

Wajen kaka, wata Litinin bayan mun gama zagayen safe, ya biyo ni ofis. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kawo abin da ya kawo shi. Yana so in rubuta masa shaida cewa ya yi shekara biyu yana aiki da mu a matsayin cikakken ma'aikacin jinya, in sa hannu, in buga hatimi.

Na ce, "Zauna. Wa ya ce ka kawo wannan?"

Ya fara kame-kame. Na ce masa ko ya gaya mini gaskiya yanzu, ko in kai maganarsa gaban babban likita, har da zancen wayar bayan tanki. Da na gaya masa ana zargin yana yi wa mutanen daji aiki, sai ya zabura. Ya ce, "Ni? Baba, ni da na gudo wa bindiga?"

Nan ya ba ni labari. Ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe ke nan yaƙi ya ɓarke a Sudan. Aka kwaso su aka dawo da su gida, makarantar ta rufe, bai karɓi takardar gamawa ba. Baffansa ne ya ɗauki nauyin karatunsa, duk dangi sun zuba ido su ga ya fara aiki, ga shi yana zaune. Mai bugo masa waya wani dillali ne da ya yi masa alkawarin lasisi da aiki a wata ƙasar Larabawa, ba jarrabawa, ba jira, in dai ya kawo shaidar ya yi aiki a gida da hotunansa a bakin aiki.

Hankalina ya kwanta ta wani gefen, ya tashi ta wani. Na taɓa raka wata ma'aikaciyarmu a kan sahihiyar hanyar fita aiki waje har ta tafi, don haka na san yadda take. Na zayyana masa. Wanda ya yi karatu a waje, makarantarsa ce za ta aiko da sakamakonsa kai tsaye zuwa hukumar jinya ta nan, ba ta hannunsa ba. In an tantance, sai a tura shi makarantar jinya ta gida ya yi horo na wani lokaci don ya saba da tsarinmu, ya rubuta jarrabawa, ta takarda da ta gwajin aiki, sannan a ba shi lasisi. In kuma waje yake so, hukumar can za ta tuntuɓi ta nan ta tabbatar lasisinsa na gaske ne, ta tuntuɓi asibitin da ya ce ya yi aiki, ya ci jarrabawarsu, wasu ƙasashen har da ta harshe. Na ce masa duk wanda aka kama da shaidar ƙarya, ƙofar ta rufe masa can, ta rufe masa nan, wanda ya sa hannun ma sai ya amsa tambaya.

Ya ce, "To makarantar da babu ita, wa zai aiko da sakamakon?"

Na ce, "Ban sani ba. Amma nemanta za ka yi, ba ni ba."

Kwana kaɗan sai ga baffansa, Malam Isiyaku, dattijo mai kwarjini, ya taso tun daga Shinkafi, Abdurrazaƙ na biye da shi. Na shimfiɗa masa darduma a ofis. Bai ɓoye fushinsa ba.

Ya ce, "Malam Garba, mi yaron ga ya yi maka? Hannu ɗai za ka sa. Mun ji an ce ɗiyarka ta gama makaranta, ita kake ajiye wa wuri."

Abin ya yi mini ciwo, don 'yata koyarwa ta karanta. Na ce, "Allah gafarta Malam, in wani ya zo ya ce ka ba shi shaidar ya sauke littafi a gabanka, alhali bai sauke ba, za ka ba shi?"

Ya ce, "Wannan daban. Wanga ai ya yi karatun, yaƙi ne ya katse shi."

Na ce haka ne, amma abin da ake so in shaida ba karatun ba ne, aikin shekara biyu ne, kuma bai yi ba. Abdurrazaƙ ya kira dillalin ya buɗe muryar wayar don mu ji. Mutumin ya iya magana, yana ta rantsuwa, yana cewa ya fitar da mutane da yawa. Na tambaye shi sunan hukumar da za ta ba da lasisin, ya ce wannan sirrin sana'arsa ne. Malam Isiyaku ya kalle ni, ya kalli wayar, na ga kamar bai san wanda zai fi zargi a cikinmu ba. Ya tashi ya tafi, sallamar ma da ƙyar.

Abdurrazaƙ bai sake zuwa aiki ba. Babban da ya aiko shi ya daina amsa gaisuwata. A raina na ce ya samu wani asibitin an sa masa hannu, don ba a rasa masu yi.

Bayan na yi ritaya, akan gayyace ni in taimaka wajen duba ɗalibai a jarrabawar gwajin aiki. Wata shekara ina zaune da takardata aka shigo da layin ɗalibai, sai na hango wani dogo a cikinsu, ya girme su duka, sanye da kayan ɗalibai. Shi ne. Ƙa'ida ita ce in ka san ɗalibi sai ka faɗa, a ba wani ya duba shi. Na tashi na gaya wa shugabar masu dubawa, na koma gefe.

Da aka tashi ya same ni a gindin dalbejiya. Ya ce makarantarsu ta buɗe ofis a wata ƙasa maƙwabciya, ya yi ta bibiya har suka aiko da sakamakonsa. Dillalin kuwa, tun ranar da ya ce masa ba a samu sa hannu ba, layinsa ya daina shiga.

Na ce, "Malam fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Har yanzu yana cewa kai ka ja mini wannan doguwar hanya."

Ya ci jarrabawar. Yanzu yana aiki a ƙasar Shinkafi da lasisinsa, yana shirin jarrabawar waje, wannan karon shekarun aikin da zai nuna nasa ne.

Ku da kuke tasowa, za a kawo muku irin wannan roƙon, kuma ba baƙo ne zai kawo ba, wanda kuke jin nauyinsa ne. Mutanenmu sukan ɗauki ƙin sa hannu a matsayin ƙiyayya, kuma ba lallai ne su taɓa gode muku ba. In kun yi zargi ku bincika kafin ku furta, don abin da kuke tsoro ba kullum shi ne abin da yake faruwa ba. Amma ku tuna wanda shaidar za ta fi shafa ba ya cikin ofishin. Majinyaci ne, yana kwance a wani gado, a ƙasar da ba ku taɓa zuwa ba, zai miƙa hannunsa ga mutumin da bai sani ba saboda ku kun ce kun san shi.