Ƙarfen da ya zaunar da ni a kaikaice

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, ranar da na je neman aure garin Sabuwa ba za ta bi shi ba.

Ɗan ƙanena ne ya dawo daga Kaduna da sabuwar sana'ar wahala: sandar ƙarfe, an ɗaura mata siminti gefe da gefe, yana ɗagawa daga ƙasa yana ajiyewa, ba mai biyansa. Ni da na yi shekara talatin ina dakon buhu a kasuwar Yankara, na ga dole in duba lamarin. Na yi aji huɗu, ba a yi mini burga da ilimi.

Ya ce, "Baba, ɗagawar iri-iri ce. In ka tsaya ƙafa kusa da juna, baya da ɗuwawu ke aiki."

Na ɗaga. Na ce wannan buhun masara ne.

"In ka ɗan sassauta gwiwa kawai, ka duƙa daga ƙugu, bayan cinya ne."

Na ce wannan kuma noma ne, tun ba a haife ka ba fartanya ta koya mini.

Sai ya ware ƙafafu kamar ɗan kokawa, hannuwa a tsakani, ya ce wannan cikin cinya yake kamawa. Na ce, "Kai yaro, mi ke akwai a cikin cinya in ba wando ba?" 'Yan majalisarmu ta hira da ke zaune suna kallo suka fashe da dariya, dariyar kuma ta shiga kaina. Na ware, na ɗaga, na sake, ina kwaikwayon nishinsa. Yana cewa, "Baba, ya isa haka," ni kuwa sai da na cika ashirin.

Bayan kwana biyu kuwa ni ne wakilinsa wurin nema masa aure. Da safen na zo hawa babur, ƙafa ta ƙi tsallakawa. Bayana lafiya, bayan cinya lafiya, amma wurin da na raina kamar an zuba barkono. Haka na zauna a kaikaice tun daga garinmu Faskari har Sabuwa, kowane rami sai na yi salati.

A zauren surukai na zauna da ƙyar. Da aka tashi salla, mutum biyu suka ɗago ni. Uban yarinya ya dube ni ya ce, "Alhaji, ciwon nan na gado ne a gidanku?"

In na rufa wa kaina asiri, yaro ya rasa mata. Na ce, "Malam, ba gado ba ne, siminti ne," na kwashe labari kaf. Har liman sai da ya share hawaye don dariya. Suka ba mu.

Tun ranar na gane cewa a jikin mutum akwai ma'aikatan da bai taɓa gaisawa da su ba, kuma in yaro ya ce ya isa, dattijo ya ajiye.