Sau Uku a Rana, In Ji Mai Agogo

Shagon babana bai fi faɗin tabarma biyu ba. A ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da caja, kuma a nan ya shekara arba'in yana gyaran agogo. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har mu 'ya'yansa in tsokana ta motsa. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanin alewa cike da matattun batura, sai ɗan gilashin da yake maƙalawa a idon dama ya sunkuya kan agogo da hantsaki kamar mai cire wa jariri sartse. Da wayar hannu ta kashe wa agogo kasuwa, abokan sana'arsa duk suka watse. Shi kuwa ya ce ko mutum uku suka rage masu ɗaura agogo, ba za su makara a dalilinsa ba.

Mutum ne da in ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai da minti ɗaya ka makara. A haka muka taso, ni babbar 'yarsa da ƙanena Auta, wanda yanzu yake tuƙa babbar mota yana wata biyu bai ga gida ba. Ni malamar firamare ce, kuma tun rasuwar Mama nake leƙa Baba kullum in na taso daga makaranta.

Ranar da na same shi yana gyangyaɗi a kan tebur da rana tsaka, hantsaki ya faɗi ƙasa, na san ba lafiya. Da ƙyar na ja shi asibiti, yana ta mita wai gajiya ce. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, likita ya zaunar da mu ya ce ciwon hanta ne nau'in C. Ya ce mai yiwuwa ya shekara da shekaru a jikinsa shiru, kuma hantar ta fara tabo. Amma likitan ya ce yanzu akwai maganin da ke kashe ƙwayar cutar, abin gudu kawai shi ne a bar ta tana cin hantar har ta kai inda ba gyara. Ya rubuta takarda, muka je ɗakin magani, aka ce ya ƙare, Baba ya dawo bayan mako biyu.

A ranar na buga wa Auta waya, ya yi ta kuka kamar ba direban babbar mota ba. Kwana goma bayan nan sai ga kwali ya iso shago, ciki kwalabe takwas. A jikin kowace akwai hoton hanta ja jawur, da wani fure mai ƙayoyi. Auta ya kira Baba ya ce, “Na aiko maka maganin hanta, mai kyau ne, kowa yabonsa yake.”

Baba ya ce, “Madalla, ka hutar da ni bin layi.” Ya ninke takardar likita ya tura ƙarƙashin gwangwanin batura.

Da na zo na tambaye shi, “Baba, an samo maganin?” Ya ce, “An samu.” Ban yi ƙarya ba, bai yi ƙarya ba. Mu ai komai magani muke ce masa, daga abin da likita ya rubuta har zuwa saiwar da maƙwabciya ta jiƙa. Ni a zatona ya koma asibiti ya karɓo. Har ya sa mai caja ya karanta masa sunan da ke jikin kwalbar, wai in aka fassara shi “ƙayar madara” ne. Baba ya yi ta dariya yana cewa, “Ƙaya da madara, ina suka haɗu?” Ni ma na taya shi dariya, ban ɗauki kwalbar na duba ba. Kullum tana gabana a kan tebur, ni da nake ɗaga wa yara murya a kan su karanta tambaya kafin su amsa.

Duk zuwan da Baba zai yi asibiti, likita zai ce, “Kana shan maganinka?” Shi kuma ya ce, “Ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba.” Likita ya rubuta, ya yaba masa.

Wata biyar a haka. Ranar da aka je duba sakamako na raka shi. Likita ya kalli takarda ya sake kallo, ya ce ƙwayar cutar tana nan daram kamar ba a taɓa ta ba, tabon kuma ya ɗan ƙaru. Ya ce abin da mamaki, amma yakan faru, mu je a sake ɗibar jini kafin ya san abin yi. Muka fito. Baba sai murza madaurin agogonsa yake.

Mai ɗibar jinin wata nas ce doguwa da marasa lafiya suka raɗa wa Ba-Wasa, don ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. Ni kaina haushinta nake ji. Tana ɗaure wa Baba dantse tana neman jijiya ta ce, “Baba, yaushe ka gama shan maganin?”

“Gamawa? Ai saura kwalba biyu da rabi.”

Ta ɗago. “Sau nawa kake sha?”

“Sau uku a rana. Bakwai na safe, ɗaya na rana, bakwai na yamma. Yanzu ma saura minti shida.” Ya sa hannu aljihu ya zaro kwalbar, yana waige ko zai ga ruwa.

Ba-Wasa ta ajiye allura. Ta karɓi kwalbar ta juya ta, ta ce, “Baba, wannan ba shi ba ne. Naka ƙwaya ɗaya ce a rana, mako sha biyu. Ina wanda aka rubuta maka?”

“Takardar na shago.”

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar nan ba ta tsaya faɗa ba. Ta kwance masa dantse, ta kama hannunsa ta ratsa layi da shi, mutane na gunaguni ko a jikinta, ta tura ƙofar likita ta dangwara kwalbar a gabansa. Likita ya duba kwalbar. Sannan ya ce irin wannan maganin ganye ne da mutane ke sha don hanta, ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma Baba ya ajiye shi tukuna. Ya ce, “Laifina ne, Baba. Wata biyar ina tambayarka, ban taɓa cewa ka nuna min ba.” Tun daga ranar nake ganin girman mutumin nan.

Muna fitowa na zaro waya zan wanke Auta tas. Baba ya ce, “Mayar da wayar nan jaka. Yaro ya ji ubansa ba lafiya, ya yi iya abin da ya sani. Ke da kika iya karatu fa?”

Na mayar.

A ranar aka ba shi na gaskiyar. Ya kalli 'yar ƙwayar a tafin hannunsa ya ce, “Wannan ɗan mitsitsin?” Na ce, “Baba, kai ne fa kake cewa ƙaramar ƙusa ke tsayar da babban agogo.” Ya harare ni ya haɗiye. Mako sha biyu ya sha, aka jira wata uku, aka sake gwaji. Likita ya ce babu ƙwayar, ko ɗaya. Tabon da ya riga ya zauna yana nan, za a riƙa duba shi duk wata shida, amma abin da ke cin hantar ya tafi. Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Baba ya wuce ɗakin ɗibar jini ya ce wa Ba-Wasa agogonta na baya da minti huɗu, ta ciro. Bayan kwana biyu ya kai mata shi da sabon madauri. Ashe tana da haƙora, har da wushirya. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ni dai ban da bakin gode mata.

Duk tsawon nan Baba ya hana a gaya wa Auta labarin kwalaben, shi dai ya ji an warke. Sai da ya dawo daga tafiya ya faɗo shago yana washe baki, ya durƙusa ya gaida Baba ya ce, “Ka ga aikin maganina ko? Har na saya wa wani abokin tuƙina, shi ma irin ciwon aka ce yana da shi. Na ce masa kada ya wahalar da kansa da asibiti.”

Na kalli Baba. Ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye, ya jawo kujerar da masu jira ke zama ya ce, “Zauna, Auta.” Ya ba shi labarin tun daga farko, a hankali, bai rage ba bai ƙara ba. Ina kallon fuskar ƙanena tana sauyawa. Da Baba ya kai ƙarshe, Auta ya zame daga kujera ya dafa gwiwarsa.

“Baba, ashe da na kashe ka da hannuna?”

Baba ya dafa masa ƙeya. “Da ka kashe ni, wa ke maka magana? Ni na warke, kuma ban taɓa ƙullatarka ba. Share idonka ka kira abokinka yanzu, shi ne bai warke ba.”

Auta ya zaro waya, kuka ya hana shi danna lambar. Ni na karɓi wayar na danna masa.