Ni Na Tayar Da Ishaya Daga Benci

Shekara ashirin da biyu ke nan cif da muka binne ƙanena Ishaya, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ba mantuwa ba ce. Wata magana ce ta tokare mini maƙogwaro, na san in na ɗauki biro dole ta fito, ni kuwa ban shirya ba. Bana sai na ga Mama ta fara rikita sunayen jikokinta, amma suna ɗaya bai taɓa ɓace mata ba, sunan Koci Sa'idu, mai horar da ƙungiyar su Ishaya. Kusan kullum sai ta ambace shi, ta ce ita da shi sai a gaban Allah, shi ya kashe mata ɗa da aiki. Bawan Allahn nan ba shi ya yi ba, ni ne, kuma ina so Mama ta ji tun tana iya ganewa.

Duk wanda ya zauna a unguwar Television a farkon dawowar mulkin farar hula ya san Ishaya, ko da bai san sunansa na gaskiya ba. Janareto ake kiransa, wai in kowa ya ɗauke a fili shi yana nan yana ruri. Tsakiya yake bugawa a wata ƙungiya ta gasar ƙwararru, ba zan kama sunanta ba. Na girme shi da shekara tara, ni na riƙe shi bayan rasuwar Baba, da ɗan abin da nake samu a masaƙa a Kakuri. Lokacin masaƙun sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, magidanta na zaman banza a bakin titi, unguwa ba ta da abin tinƙaho sai yaron nan. Ranar wasa tun daga unguwar Romi 'yan acaɓa ke yo gayya su raka motarsu. Ni kuwa kaina ya kumbura, in ina tafiya sai ka rantse ni nake buga ƙwallon.

Yaran yanzu ba su san yadda ake wahala a lokacin ba. Bas ɗaya ce, kujerunta kamar katako, a kwashe su a yi kwana biyu a hanya zuwa kudu, su sauka ƙafa a kumbure su shiga fili, a tashi wasa a juyo, kafin su gama miƙe baya wani wasan ya zo. Ishaya bai taɓa fashi ba a kakar nan, daga farko har inda aka kai. Daga wata irin wannan tafiya ya dawo da zazzaɓi. Ya sha maganin kemis, kwana biyu ya ce ya warke, ya koma atisaye.

Koci Sa'idu ne ya ga abin da mu 'yan gida ba mu gani ba. Mutum ne marar surutu, ɗan unguwar Makera, yakan tsaya gefe ya harɗe hannu yana kallon yadda ɗan wasa ke numfashi bayan gudu. Ya ga Janareto ya fara dafa gwiwa, abin da bai taɓa yi ba. Ranar Alhamis Ishaya ya shigo gida ya ce, "Yaya, Koci ya ce in huta wasa biyu." Ya wuce ɗakin Mama ya kwanta a tabarma da ranar Allah, ko takalmi bai cire ba. Sai yanzu nake tuna yadda ya faɗi maganar. Murna ce a muryarsa, wallahi murna ce, ni ne kunnena ya toshe.

A zamaninmu babu wani abu wai shi hutu. Ko kana cikin sha ɗayan farko, ko kana benci, benci kuwa abin kunya ne, na wanda bai iya ba ko wanda ba shi da uba a gindin ƙungiya. Ga shi kuma gari bai daɗe da fita daga tashin hankali ba, mutane sun kwashe kaya kowa ya koma inda nasa suke, kowa na kallon kowa da gefen ido. Koci Musulmi ne, mu Kiristoci. Da na tambaya wa za a sa a gurbin Ishaya aka ce wani yaro ne daga Tudun Wada, unguwar Musulmi, shi ke nan, ban nemi ƙarin bayani ba. Na fita majalisarmu ta bakin titi na ce, "Kun gani ko? Sun fara." Kafin azahar ɗin Juma'a na tara mutane, muka ɗunguma filin atisaye.

Koci ya taro mu shi kaɗai. Ya ce, "Malam Bitrus, yaron nan ya gaji. Dubi idonsa mana. Ka bar ni in yi aikina." Ni kuwa na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Ɗan wa za ka sa a wurinsa? Faɗi sunansa kowa ya ji!" Ya dube ni. Ishaya ya kamo hannuna yana cewa, "Yaya, don Allah ka bari." Na fizge, na ce masa ɗan Baba ba ya zaman benci ina raye. Shugabannin ƙungiya suka tsorata, don a kwanakin nan magana irin tawa tana iya tayar da unguwa guda. Suka ja Koci gefe suka daɗe. Da aka liƙa takardar 'yan wasa a ƙofar ɗakin canza kaya, sunan Ishaya ya koma wurinsa. Aka ɗaga ni sama ana ihu, na koma gida ina jin na ƙwato wa ƙanena haƙƙinsa.

Ya buga na Lahadi a gida har aka tashi. Ya bi bas ya buga na Laraba a waje. Lahadi ta zagayo, ga mu kuma a gida, mun cika gefen fili muna zuba wa Koci ido, ya isa ya cire shi mu gani. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, babu wanda ya taɓa shi, ƙwallo ma tana can wani ɓangare, sai na ga Ishaya ya zauna a tsakiyar fili, sannan ya kwanta a hankali. Na ɗauka igiyar takalmi zai ɗaure. Babu motar asibiti a filin, a motar wani ɗan kallo muka sa shi, kansa a cinyata. Ba mu kai ba. Likita ya ce zuciya ce, zazzaɓin bai gama barin jikinsa ba. Ya ce ba zai rantse hutu zai cece shi ba, amma mai irin wannan jiki ba shi da dalilin gudu a rana.

Abin da ya biyo baya ya fi ci mini rai. Bakunan da suka yi ihu a sa shi, su ne suka juya suna cewa Koci ya mai da yaro jaki, wasa uku cikin kwana takwas. Aka sallame shi daga aiki, babu ƙungiyar da ta ƙara ɗaukarsa. Duk da haka ya zo mana gaisuwa har gida, a lokacin da mutumin Makera sai ya yi tunani biyu kafin ya shigo Television. Mama ta tashi daga cikin mata ta nuna masa ƙofa. Ina tsaye a wurin. Ya dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai, ya sa takalminsa ya tafi. Mama ba ta zuwa fili, ba ta san zancen Juma'a ba, waɗanda muka je tare kuma kowa ya kama bakinsa, don kowa yana da hannu.

Yanzu nakan shiga gidan kallon ƙwallo na layinmu in zauna a baya, in riƙa tunanin abin da Ishaya zai ce. Na san zai yi dariya in ya ga ana canza mutum biyar a wasa ɗaya, mu da uku ne. Zai ƙyalƙyale in ya ga 'yar rigar da Turawa ke sa wa ɗan wasa tana auna gudunsa da bugun zuciyarsa, ya ce ai Koci da ido yake yin wannan. Zai ga babban tauraro zaune a benci yana taunar cingam, ba kunya ba tsoro, don an ce ya huta saboda wasan gaba. Amma dariyar ba za ta daɗe ba. Namu na gida har yau da yawansu a bas suke kwana, har yau yaro na ɓoye ciwo don kada a ba wani gurbinsa. Kuma har yau 'yan kallo ba mu sake ba. Kwanaki wani matashi ya miƙe yana zagin wani koci a talabijin don ya ajiye gwaninsa. Muryata na ji sak. Ban san lokacin da na daka masa tsawa na ce ya zauna, ƙafarsa ce? Aka yi ta dariya, wai tsoho ya sha wani abu.

Watan jiya na tattara ƙarfin hali na je Makera. Na same shi zaune a ƙofar shagon walda na ɗansa, ido ya yi rauni, amma ina sallama ya ce, "Malam Bitrus ne?" Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ina kuka kamar ba mai jikoki ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kai ka yi ihu, amma ni na rubuta sunan da hannuna. Da na ajiye musu aikin ranar nan, da ya fi mini." Ya tambayi Mama. Na gaya masa gaskiya, har yau ba ta daina ba. Ya ce, "Ƙyale ta, uwa ce. In ɗora mini yana sa ta sami barci, na ɗauka." Na fito daga wurinsa da nauyin da ya fi wanda na shiga da shi.

Me ya rage na Ishaya? Babu faifan wasansa ko ɗaya. Akwai hoto guda a falon Mama da ya fara dushewa, da takalminsa a cikin akwatina, da tsofaffin unguwa da in sun ga yaro mai gudu sukan ce wannan Janareto ne. Ni abin da ya rage mini shi ne hannunsa a kan nawa da kalmomin nan, Yaya, don Allah ka bari. Yaro ne mai biyayya, da ya saba musu da ni da wataƙila yau yana nan da furfura.

Koci ya yafe, amma ba zan bar Mama ta tafi da sunansa a baki ba. Idonta ba ya karatu yanzu, don haka ranar Lahadi in mun dawo daga coci zan jawo kujera kusa da ita in karanta mata wannan da kaina. Ɗa ɗaya ya rage mata, shi ke kai ta asibiti, shi take kira in ta farka. Ban sani ba ko bayan Lahadi za ta ƙara kirana. Kafin in buɗe takardar zan fara gaya mata da bakina: Mama, Koci cewa ya yi Ishaya ya huta. Ni na hana.