Damin da Baba ya mayar

Damina arba'in ke nan da muka binne mahaifina, Malam Idi, a ƙauyenmu na wajen Gangara. Ba na cikin masu rubutu a jarida don tunawa da matattu, addu'a ta fi musu amfani. Amma bana kotu ta yi ta kiran sunansa kamar zai amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai, wani baƙo mai suna Ɗan Tani ya hauro daga kudu da matarsa da jaki ɗaya. Baba ya ara masa gonarmu ta bakin fadama. Aron gona a lokacin ba ya son dogon zance: kowace kaka mai aro zai ɗauko damin hatsi ɗaya ya bi ta tsakiyar gari, ya sauke a ƙofar mai gona. Ba don hatsin ba ne, don idon mutane ne, kowa ya shaida gonar tana da ubangiji. Ɗan Tani bai taɓa fashi ba, har aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Duk da haka ya zo da wani ɗan dami da ko akuya za ta raina. Ina tsaye, na riga na yi aure a lokacin, Baba ya dube shi ya ce: "Haba Ɗan Tani, ɗiyanka na kwana da yunwa kana kawo mani wanga? Koma da shi. Kada in ƙara ganin ka da dami ƙohwata."

Bai ƙara ba kuwa. Ƴaƴansa ma ba su kawo ba, mu kuma kunya ta hana mu tambaya. Wa zai je gidan maƙwabci ya ce ina damina?

Yanzu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gonar da Baba yake barin ta ta huta, yau an yanka irinta gida goma. Sani, ɗan ƙanena, mai iyali da ɗan fegi kamar tabarma, shi ya kai ƙarar jikokin Ɗan Tani. Daga gaban mai gari zuwa gaban sarki, daga nan zuwa kotu a Agiye. Na gaji da motar haya, na gaji da benci, na gaji da jin "an ɗaga, ku dawo". Dattijan da suka ga damin da idonsu sun bi juna zuwa kushewa muna jiran ranar zama. A ƙarshe alƙali ya yanke: tun da mai gona da bakinsa ya hana a kawo shaidar aro, kuma aka yi zamani ba wanda ya nema, to kyauta ce.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Mutum ne da ko gardamar kaza ba ya so ta kwana. Ina jin da ya ga jikansa da jikan amininsa suna zaune benci ɗaya kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, da hularsa zai ɗauka ya fita.

Sani ya zo mini da maganar ɗaukaka ƙara a Maradi. "Baba, kai kaɗai ka rage wanda ya ji da kunnenshi. Ka dahwa Alƙur'ani ka ce aro ne, shi ke nan." Na ce masa na ji abin da bakin Baba ya faɗa, ban ga abin da ke zuciyarsa ba. Ko damin shekarar ya yafe, ko gonar duka, Allah kaɗai ya sani, kuma ba zan rantse a kan zato ina bakin kabari ba. Ya tashi bai yi mini sallama ba. Ban ga laifinsa ba, don yunwa ba ta san kara ba.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na yarda, sai dai ba kullum a gidan mai shi yake manne ba. Abin da ya rage na Baba shi ne gida guda a garinmu da ke ci daga tausayinsa har gobe, da kuma hukuncin kotu da ya kira shi mai kyauta. Allah ya kai ladan kabarinsa. Shi kuwa Sani, da ruwan farko ya sauka bana, kowa ya fita shuka, shi tashar mota ya nufa da jakarsa zai tafi birni neman abinci, ya bar mini yaransa in riƙa dubawa.